Babi na Biyar: Gawo a Ajin Ingilishi

Yaron Sukukutane, a ƙasar Nijar, ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya yi shekara shida a lakwal. Shekarun nan da Faransanci yake yin su, tun daga ranar da aka koya masa riƙon alli. In ya samu wucewa kwalej, a ajin sizyam ne wani mushe, wato malami, zai shigo ya gaishe su da harshen da ba su taɓa ji ba sai a rediyo, ko a bakin wani kawu da ya dawo daga bida a Ikko. Bayan shekara huɗu ga jarrabawar birbe. Wanda ya haye ya nufi lise, inda za a matsa masa ya rubuta bayani na kansa, sakin layi biyu ko uku, a kan noma ko ciwo ko zaman gari. Harsuna uku ke nan a kansa: Hausar Arewa, wato ta yankin Dogon Dutsi, a gida, Faransanci a tablo, Ingilishi na ƴan awoyi a mako.

Yadda Ingilishi ya zama na uku ba na biyu ba, aikin masu zana taswira ne. A 1898 Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya, suka ja da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni suka faɗa ciki. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, suka nemi a gyara, aka gyara a 1904, aka tabbatar a 1906. Da haka aka raba Arewa biyu. Ɗan Kangiwa a jihar Kabi yana karatu da Ingilishi tun firamare, ɗan'uwansa na Matankari ko Tibiri ko Sukukutane yana yi da Faransanci, alhali tuwo ɗaya suke ci, da Hausa ɗaya ake yi musu faɗa.

A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ya kamata a tsaya a kan kalmar aiki. Abin da ake rubutawa a wurin aiki shi ne rahoto, da sanarwa, da takardar da ke cikin kwalin magani, da bayanin yadda ake haɗa famfo mai aiki da hasken rana. Duka wannan rubutun bayani ne. Don haka ƴan kalmomin da malamin Ingilishi ke jerawa a tablo idan ya zo wannan darasi sun fi ƙarfin jarrabawa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake miƙa su: a rubuta kalmar Ingilishi, a sa ta Faransanci a gefenta, yaro ya kwafe a kaye ya haddace, ya tashi yana ganin wani sirri ne na Turawa. Ni kuwa na tabbata kusan kowace daga cikinsu suna ce ta abin da yake yi tun kafin ya shiga lakwal.

A fara da sunan abin kansa. Littattafan Ingilishi sun kasa zube gida huɗu: labari, siffantawa, bayani, muhawara. An fi jingina wannan rabo ga Alexander Bain, malami a jami'ar Abadin ta ƙasar Sikotlan, wanda ya fitar da littafin koyar da insha'i a 1866, ya kuma tsara wa sakin layi dokoki da har yau ake bi. Ɗan Arewa ba ya buƙatar zuwa Sikotlan don ya ga bambancin, Lugu ta ishe shi. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa garin, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tsaya mata. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan wannan a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyauta a Wagadugu a 1987. Wannan labari ne: marubuci ya sa mata magana a baki, ya shiga zuciyarta, ya sa mai karatu ya ji tsoro ya ji alfahari. Wanda ya rubuta cewa lalle a gina gidan tarihi a Lugu, ya jero dalilansa don a goyi bayansa, muhawara ya yi. Mai bayani aikinsa daban: su wane ne suka zo, ina suka nufa, me ya faru a Lugu, me ya biyo baya. Zai ce tafkin Cadi suka dosa, a watan Mayu suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, a watan Yuli kuma sojojinsu da kansu suka kashe su a yankin Tasawa. Ba hawaye yake nema ba, ba goyon baya ba. So yake mai karatu ya ajiye takarda ya san abin da bai sani ba.

Kalmomi biyu na gaba su ne suka fi wahalar da yara, batu da jigo. Batu shi ne abin da ake magana a kansa, jigo shi ne abin da aka faɗa a kansa. Gawo batu ne. Cewa gawo yana ƙara wa gona albarka, wannan jigo ne. Yaro da yawa in an ce ya fito da jigon wani rubutu sai ya ce “gawo” ya yi shiru, ya ɗauka ya gama. Gwajin mai sauƙi ne: jigo magana ce cikakkiya wadda wani zai iya cewa “haka ne” ko “ba haka ba ne”. Ba wanda zai ce “ba haka ba ne” don an ce masa “gawo”.

Daga nan sai jimlar jigo, wato jimlar da ke ɗauke da jigon sakin layi, wadda malamin Ingilishi ke so a sa a farko. A nan ne tarbiyya uku ke karo a kan yaro guda. A gida an koya masa cewa mai ladabi ba ya faɗa wa magana kai tsaye. Sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya da ruwa, an yi shimfiɗa, sannan a ce “to, abin da ke tafe da ni”. A ajin Faransanci, musamman a lise, ana koya masa ya jefa tambaya a gabatarwa, ya kawo wannan gefe, ya kawo wancan, ya bar hukunci sai ƙarshe. Sai ga malamin Ingilishi yana cewa faɗi hukuncin tun a layin farko, dalilai su biyo baya. Dole yaro ya ji abin kamar gaggawa, ko ma rashin kunya. Ba taurin kai ne ke sa shi kewaye-kewaye ba, biyayya ce ga abin da aka koya masa sau biyu.

Amma Hausa ma tana da wurin da ake fara magana da kanta. Mai shela in ya buga ganga a bakin kasuwa ba ya shimfiɗa mai tsawo: mai gari ya gaishe ku, ya ce gobe kowa ya kawo yaransa rigakafi. Sannan ya faɗi wuri da lokaci da dalili. Malaman Sakkwato ma haka suke buɗe littafi: bayan bisimilla da salati sai “amma ba'adu”, a faɗi sunan littafi, da abin da aka nufa da shi, sau da yawa har da yawan babobinsa. Littafin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya gama a 1806 a kan wajabcin hijira, kalmar farko ta sunansa ita ce bayani. In malami ya ce wa yaro, “a wannan aji kai mai shela ne, ba baƙon da ya zo neman aure ba”, an wuce rabin wahalar.

Ga sakin layi irin wanda ake nema, na rubuta shi da Hausa don a ga ƙirarsa:

Hatsin da aka shuka a ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau, saboda dalilai uku. Na farko, gawo yana kaɗe ganyensa da faɗuwar damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Na biyu, dangin wake ne da gyaɗa: a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Na uku, da rani shi ke da ganye da ƴaƴa lokacin da ciyawa ta ƙare, sai dabbobi su taru a gindinsa su bar kashinsu. Shi ya sa manomi ba ya saran ɗan gawo in ya tsiro masa a gona.

Jimla biyar ce. Ta farko ita ce jimlar jigo, ta yi alkawarin dalilai uku. Ukun da suka biyo su ake kira jimloli masu tallafi, kowace ta cika kashi ɗaya na alkawarin. Ta ƙarshe ita ce kammalawa. “Na farko”, “don haka”, “shi ya sa” su ne mahaɗai, kalmomin da ke nuna wa mai karatu inda aka dosa. A lura kuma da wani abu: a cikin dalilan nan uku, na biyu kaɗai ne ya fito daga lakwal, daga darasin kimiyya inda ake kiran sinadarin azot. Sauran biyun kowane yaro da ya taɓa kai wa mahaifinsa fura gona ya gan su da idonsa. Kayan ginin yana da su. Abin da ba shi da shi shi ne kalmomin Ingilishi, da kuma wanda zai gaya masa cewa abin da ya sani ya cancanci a rubuta.

Akwai wata doka ta Bain da ake kira haɗin kan sakin layi: kowace jimla ta yi wa jimlar jigo hidima, wadda ba ta yi ba a fitar da ita. Wannan tana da ciwo. A ce yaro ya ji cewa sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, ya sa ta tsakanin dalili na biyu da na uku. Maganar gaskiya ce, tana da daɗi, ta nuna yaron yana sauraro. Amma ba ta amsa tambayar me ya sa hatsi ke kyau a gindin gawo ba. Malamin kirki ba zai ja mata jan bik ya wuce ba. Zai ce wannan jimla ta isa ta zama kan nata sakin layin, a kan yadda mutanen da suka tsare itatuwa. Yaron ya samu sakin layi biyu maimakon ya rasa jimla ɗaya.

Sai hujja. A nan Faransanci yana ɗana wa yaro tarko da ɗan Kangiwa bai san da shi ba. Kalmar da Ingilishi ke kiran hujja da ita, ebidens, tana da takwara a Faransanci, ebidans, rubutunsu kusan ɗaya. Amma ta Faransanci tana nufin abin da ke a fili, wanda ba ya buƙatar a kafa masa dalili. Malami ya ce kawo hujja, yaro ya ji an ce faɗi abin da kowa ya sani. Sai ya rubuta cewa ilimi yana da amfani, ruwa shi ne rayuwa, ya cika shafi da maganganun da ba mai musu kuma ba mai ƙaruwa da su. Hujja a rubutun bayani ita ce shekara, ko adadi, ko misali na zahiri, ko maganar wanda ya san abin, tare da faɗin inda aka samo. Gani ya kori ji, amma mai karatu bai gani ba, don haka sai an nuna masa wanda ya gani.

Da hujja ake rarrabe tabbatacciyar magana da ra'ayi. An yi yaƙi a Lugu a 1899: wannan ana iya bincikawa a tabbatar. Sarauniya ta fi kowace mace ta zamaninta jarumta: wannan ra'ayi ne, ko da duk Arewa ta yarda da shi. Akwai kuma kashi na uku da littattafan da aka rubuta a waje ba su cika kula da shi ba, alhali a wurinmu shi ya fi yawa, wato abin da aka gada a baki. Tsofaffi suna ba da labarin asirin Sarauniya, da na dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a. Yaro ya rasa yadda zai yi: in ya rubuta a matsayin tabbas malami ya soke, in ya bari ya ji ya ci amanar kakanninsa. Mafita tana cikin kalma ɗaya da Hausa ta daɗe da ita, “a cewar”. In ya rubuta cewa a cewar mutanen Lugu dutsen yana nuna mai laifi, ya faɗi tabbatacciyar magana, domin lalle suna cewa haka. Bai ƙaryata kowa ba, bai kuma ɗora wa mai karatu imanin da ba nasa ba. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan tun tuni, don ba a karanta hadisi sai an ce daga wane.

Cikin hanyoyin tsara bayani, sanadi da sakamako ya fi kowanne buƙatar natsuwa. Yara sukan rikita kalmar Ingilishi mai nufin “saboda” da mai nufin “don haka”, sai jimla ta juye, sakamako ya koma sanadi. Wannan gyaran nahawu ne, mako guda ya isa. Babbar matsalar ita ce ɗaukar “bayan” a matsayin “saboda”. A ɗauki ƙuduji. Manomi ya ga furensa ya rufe gona, hatsi ya tsumbure, ya ce ƙuduji ya kashe gonar. Gaskiya ne yana kama saiwar hatsi ya tsotse ta tun kafin ya ɓullo sama, irinsa kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Amma ya fi yin ƙarfi a gonar da ta riga ta gaji, wadda aka yi ta shuka wa hatsi ba taki ba hutu. To wanne ne sanadi? Gajiyar ƙasa ta ba ƙuduji dama, ƙuduji ya rage amfani, ƙarancin amfani ya hana manomi abin sayen taki, ƙasa ta ƙara gajiya. Ɗalibin da ya iya rubuta wannan zagaye a jimla huɗu ta Ingilishi mai sauƙi ya koyi abin da zai yi masa amfani a ofishin gona, a likita, ko a majalisar gari.

Ta'arifi, wato faɗin ko mene ne abu, yana da ƙafa biyu: a faɗi jinsinsa, a faɗi abin da ya raba shi da ƴan'uwansa. Ka tambayi yaro mene ne dallol, ya ce “kamar na Dogon Dutsi”. Misali ya bayar, ba ta'arifi ba. Dallol kwari ne mai faɗi, wannan jinsinsa ke nan. Tsohon gadon kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru, ruwansa yana kusa a ƙarƙashin rairayi, wannan ne ya raba shi da sauran kwaruruka. Sannan misali ya zo, Dallol Mawri da Dallol Boso. Makarantar zaure ta riga lakwal wannan aiki, inda malam ke cewa ga ma'anar kalma a lugga, ga ma'anarta a wurin malaman fiƙihu. Rarrabawa ma haka: yaron da ya san farillan alwala bakwai ne, ga sunnoni, ga mustahabbai, ya san yadda ake kasa abu gida-gida. Jeri kuwa ba sai an daɗe a kansa ba. Sharar gona, shuka, noman fari, cira, maimai, girbi, ɗaurin dami, rumbu: ba mai sa girbi kafin shuka. Kwatanci yana da sharaɗi guda, a auna abubuwa biyun da mudu ɗaya. In an faɗi irin ƙasar da hatsi ke so da kwanakin da yake yi kafin ya nuna, a faɗi na dawa ma, kada a koma yabon tuwonta.

Saura kalmomi biyu. Ɗaya ita ce mai karatu, wato wanda ake rubuta wa. Yaran ƙauye suna tsallake bayani ba don ba su sani ba, sai don a duniyarsu kowa ya sani. Wa zai tsaya yana gaya wa mutum mene ne rumbu? Amma Ingilishi harshen magana da na nesa ne. Ɗan Akara ko ɗan Nairobi da zai karanta bai taɓa ganin rumbu ba, bai san a Arewa damina wata uku zuwa huɗu ce ba. Yana da kyau malami ya ba yara mutum takamaimai: rubuta wa ɗalibi irinka a Gana. Nan take za ka ga ta'arifi da misali sun fara fitowa da kansu.

Ɗayar ita ce sake faɗi da bakinka, da ƙanwarta taƙaitawa. Yaron da ya tashi da hadda, a allo da a lakwal, ya saba cewa mafi ƙwazo shi ne wanda ya mayar da magana yadda aka ba shi ba ragi ba ƙari. A karatun Alƙur'ani haka ake so, kuma daidai ne. A rubutun bayani kuwa kwafe jimlar wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne, yanzu da wayar salula ta shiga ƙauyuka kuma jarabar ta ƙaru. Tsawa ba ta maganin wannan. Abin da ke magani shi ne a rufe littafin, yaro ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa, sannan ya rubuta shi da ɗan Ingilishin da yake da shi. Jimlar za ta fito gajera, wataƙila da kuskure biyu, amma tasa ce.

Na san akwai malaman da ba sa son jin Hausa a ajin Ingilishi, kuma ina gane dalilinsu: awoyin kaɗan ne, in ba a ji harshen a aji ba ba inda za a ji shi. Wasu kuma sun taso a zamanin sambol, lokacin da ake rataya wa yaro abin kunya a wuya don ya yi harshen uwarsa a harabar lakwal. Amma Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, ba sabon abu ba ne. Ba cewa nake a mayar da darasin Ingilishi na Hausa ba. Minti biyar nake roƙo a farkon darasin rubutu: a tambayi aji me ya sa hatsi ke kyau a gindin gawo, su amsa da baki, malami ya tsayar da mai magana ya ce wannan da ka faɗa yanzu ita ce jimlar jigo, ga sunanta da Ingilishi, wannan kuma hujja ce, ga sunanta. Sauran awar a yi ta da Ingilishi zalla.

Haka nan wajen gyaran takardu. In jan bik bai bi komai ba sai kuskuren aikatau da na rubutun kalma, yaro zai gane cewa tsarin tunani ba shi da maki, ya daina wahala a kansa. A raba makin biyu, a rubuta su dabam a saman takarda: ɗaya na nahawu, ɗaya na bayani. Yarinyar da ta samu 6 bisa 20 a na farko da 15 a na biyu za ta san abin da ya rage mata shi ne harshe, ta kuma san wane shafi za ta buɗe a daren nan.